Daga Abu Ja zuwa Abuja: laƙabi a takardun zamanin Turawa

Duk wanda ya taɓa rubuta adireshinsa a garin nan ya rubuta sunan wani bawan Allah da ya rasu tun 1851, ko ya sani ko bai sani ba. Abuja sunan mutum ne da laƙabinsa a manne: Abu, wato Abubakar, sai Ja, saboda hasken fatarsa. Wasu littattafan Jatau suke kiransa, duk dai maganar ɗaya ce. Yau sunan nan yana kan tikitin jirgin sama, yana bakin masu karanta labarai a Landan da Alƙahira, amma asalinsa irin kiran nan ne da ake yi wa mutum a tsakar gida don a raba shi da sauran masu suna Abubakar.

Abin da ya sa muka ɗauko maganar a wannan fitowa, jama'a, kusan babu gidan da za ka shiga a unguwar nan ka rasa wata takarda da sunan da ke kanta ya saɓa da sunan da aka san mai ita da shi. Wata ta fili ce, wata ta fansho, wata tsohon rasit ɗin haraji ne na kaka. Ranar da aka zo rabon gado ko biyan diyya, a nan ake gane cewa harafi ɗaya yana iya tsayar da magana shekara guda. Wannan rikici yana da tarihi, kuma ƙasar Abuja wuri ne mai kyau na bin sawunsa.

A farkon jihadi rundunar Malam Musa ta auka wa birnin Zariya, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau yana filin Idi a bayan gari. Littafin tarihin Abuja, wanda Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta da Hausa, Frank Heath ya fassara aka buga a 1952, ya sa abin a 1804. Wasu masana suka ce 1808. Makau bai sami komawa cikin birni ba. Ya yi kudu da jama'arsa har Zuba, ya zauna yana riƙe da sarautarsa ta Sarkin Zazzau, yana yaƙe-yaƙe, har aka kashe shi a wajen Lapai a 1825. Ɗan'uwansa Abu Ja ya gaje shi. Shi ya kafa sabon gari a 1828, shekara ta zagayo aka fara ganuwa. Garin ya ci sunan mai shi, kuma har yau Sarkin Zazzau ake kiran sarkin wannan masarauta.

To, a duba jerin sarakunan da suka biyo baya, a ga abin da ke biye da kowane suna. Bayan Abu Ja sai Abu Kwaka, daga 1851 zuwa 1877, wanda ake ce wa Dogon Sarki. A zamaninsa ne ciniki ya buɗe tsakanin Abuja da Bida da Zariya, ke nan fatake irin kakanninmu suna da dalilin tunawa da shi. Sai Ibrahim Iyalai, wanda sarautarsa ta ƙare a 1902 da Turawa suka shigo, ana yi masa kirari da Dodon Gwari. Sai Muhammadu Gani zuwa 1917, Musa Angulu zuwa 1944, Sulaimanu Barau zuwa 1979. Abubakar biyu a jere, wa zai raba su in ba Ja da Kwaka ba? Angulu kuwa kowa ya san tsuntsun, amma sarki ya yi shekara 27 a kan gado da wannan suna, babu wanda ya ga abin kunya a ciki. Ko a littattafan Turawa, in ka cire laƙabin nan jerin ya zama Abubakar, Abubakar, Ibrahim, Muhammadu, Musa, Sulaimanu, wanda zai iya zama jerin kowace masarauta daga nan har Agadas.

Haka abin yake a gidajen talakawa. Sunan yanka kaɗan ne, kuma kunya ta hana a yawaita faɗinsa: uwa ba ta kiran ɗan farinta, wanda aka sa wa sunan kaka sai a ce Abba ko Baba ko Ummi. Laƙabi ne ke ɗauke da labarin mutum. Tanko ya biyo mata, Kande ta biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye, Cindo yana da yatsa shida, Auta shi ya rufe ƙofa. Ɗanladi da Talatu da Balarabe da Jummai ranar haihuwarsu ce a goshinsu. Sannan ga sunayen da ke tafiya da inuwarsu: Abubakar shi ne Garba, shi ne Habu, shi ne Buba, Usman shi ne Shehu, Umaru shi ne Sanda, Yusufu shi ne Maitama. A baki duk wannan ba ya rikita kowa. Rikici yana farawa ne ranar da mai mulki ya ce a sa shi a takarda.

Kafin mu zo kan yadda aka sa namu a takarda, bari mu ƙetare teku, domin akwai mutanen da wannan rana ta riska shekara kusan 380 kafin ta riske mu, kuma abin da suka yi yana haska namu. Mutanen Aztek ne na ƙasar Meziko, masu harshen Nawatil. Kada mai karatu ya ce ina ruwanmu da su: kalmar tumatir da muke ciniki da ita kullum daga harshensu ta taso, tomatl, ta bi ta bakin Turawa ta iso mu. Har yau masu jin harshen sun haura miliyan ɗaya da rabi. Turawan Sifen sun ci babban birninsu Tenochtitlan a 1521, suka tarar da su da rubutunsu na kansu, na zane, da gwanayen da aikinsu ke nan.

Sunayensu irin laƙabinmu ne, kowanne da ma'anarsa, don haka zana shi suke yi. A wani kundi da aka yi wajajen 1541, wanda ake kira kundin Mendoza, yana ajiye yanzu a Oksfod ta Ingila, kowane sarki an zana shi zaune, an ja siririn layi daga bayan kansa zuwa wata 'yar alama, alamar nan ita ce sunansa. (Sunayen za mu rubuta su yadda harshenmu zai ɗauka.) Cimalpopoka, ma'ana garkuwa mai hayaƙi, sai a zana garkuwa hayaƙi na tashi. Akamapictili, hannu ne riƙe da damin kara. Itskowatil, maciji ne da wuƙaƙen wani baƙin dutse mai kaifin gilashi a jere a gadon bayansa. Da gwanin zanen nan zai zo fadar Abuja, ai bai sha wahala ba: ga jan launi, ga dogon mutum, ga tsuntsu. Har sunayen matansu sun yi kama da namu, domin a ƙidayar farko-farko da aka yi da harshensu mata da yawa sunansu 'yar fari, ko ta tsakiya, ko Shoko, wato Auta.

Abin da ya fi jan hankali shi ne, mafi yawan waɗannan sunaye na zane da suka rage a duniya, a takardun haraji suka rage. Turawan Sifen suna son sanin magidanta nawa ne za su biya, su kuwa gwanayen gari su ne suka san mutane. A 1560 aka yi ƙidayar wani lardi da Turawa ke rubutawa Huexotzinco, masu shi suna furtawa kamar Weshotsinko. Kundin yana birnin Faris na Faransa yanzu, shafi ɗaruruwa, kawunan mutane dubbai a jere. Gefen kowane kai ga alamar sunansa na gida, kusa da ita kuma an rubuta da haruffan Turawa sunan da aka ba shi a coci, Juan ko Pedro ko Diego, tare da na gidan. Tsoho an yi masa tamoji a fuska, wanda matarsa ta mutu an zana masa hawaye. A wasu kundaye biyu na garin Tepetlaoztoc, na wajajen 1540, har gonar kowane maigida an zana da awonta da irin ƙasarta, wanda ya rasu kuma an shafa wa fuskarsa baƙi. Annoba ta yi musu mummunar ɓarna a wannan ƙarni, musamman ta 1545 da ta 1576. Juan da Pedro sun yi yawa kamar yadda Muhammadu ya yi yawa a wurinmu. Alamar nan ta gefe ita ke nuna wane Juan ne ake bi bashi, wane ne mai gonar.

Suna da dabara ta biyu. Wani lokaci sai su bar ma'ana su bi sauti. Sunan nan Itskowatil, a ɗaya daga kundayen Tepetlaoztoc babu maciji ko ɗaya: an zana wuƙar dutse, its, sai tukunya, ko, sai ruwa, a, mai karatu ya haɗa. Kamar a ce za ka rubuta Audu sai ka zana auduga, ka bar wa mai karatu ya ɗauki farkon kalmar ya yar da sauran. Da wannan dabara suka rubuta sunayen Turawan kansu. Mendoza, wakilin sarkin Sifen na farko a ƙasar, an zana masa wani tsiro mai kama da kabar giwa da suke kira metl, da wata dabba mai kama da gafiya da suke kira tosan: me da tosa, Metosa, iyakar yadda bakinsu ya iya. Sannu a hankali haruffan Turawa suka cinye zanen, sunayen gida kuma suka yi ta ja da baya har yawancin mutane suka koma amsa sunayen waliyyan coci biyu a jere.

Mu dawo gida. Malamanmu ba su yi zane ba, amma hanyoyin nan biyu, ta ma'ana da ta sauti, duk sun bi su, tun kafin Bature ya san hanyar Kwara. Harshen wasiƙa da littafi Larabci ne, to yaya za a yi da sunan Hausa a cikinsa? Waliyyin Katsina na ƙarni na 17, Ɗan Marina, a littattafai Ibnus Sabbagi ne, domin sabbag shi ne marini da Larabci: an fassara ma'ana. Ɗan Masani kuwa aka bar masa sautinsa, aka rubuta Ibnu Masanih. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya zama Ibnu Fudi, an fassara ɗan, an bar Fodiyo da ɗan gyara. Wanda bai san wannan ba sai ya karanta littafi ya zaci mutum biyu ne. Sarakuna kuma suna da hatimi, sunan mai shi a sassaƙe, ana buga shi a kan wasiƙa don a san daga ina ta fito. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903 sun tarar da tarin irin waɗannan wasiƙu a gidan Waziri Buhari, wani jami'insu H. F. Backwell ya fassara wasu aka buga a 1927.

Ajami, wato Hausa da haruffan Larabci, yana da wata falala da ba a cika faɗa ba. Almajirin da ya iya shi yana raba ƙaf da kaf, yana raba ɗa mai hannu da dal, yana nuna inda aka ja wasali. Wato Baƙo daban, Bako daban, tun a kan allo. Gwamna Lugga da waɗanda suka biyo shi suka zaɓi haruffansu don aikin mulki. Hanns Vischer ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912, amma haruffan nan masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, sai a shekarun 1930 suka zauna, suka bazu ta hanyar littattafan Zariya da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939. Keken rubutun ofis kuwa bai san da su ba sam. Ƙaura ta zama Kaura, Ɗanladi ya zama Danladi, Baƙo ya rasa baƙuncinsa. Garuruwa ma ba su tsira ba: Sakkwato ta koma Sokoto, Kwantagora ta koma Kontagora, Gwandu ta daɗe tana Gando a taswira. Abin haushi, yau da wayar hannu ke iya fitar da ƙugiyar, mu ne muka saba da rashinta.

Haraji ne ya kai biro ƙofar talaka, kamar dai a Meziko. Malaman En'e suna bi gari-gari suna rubuta magidanta da samarin da suka isa biya, dagaci da mai unguwa suna tsaye suna faɗin wane ne wane. A nan laƙabi ya yi aiki, domin in Audu ya kai goma a unguwa ɗaya dole a ce Audu Dogo, Audu Mai Goro, Audu Na Hajiya, in ba haka ba wani ya biya sau biyu, wani ya sha. Mata da yara akasari ba su shiga wannan lissafi ba, shi ya sa mai neman sunan kakarsa a irin takardun nan zai sha wuya. Makarantar boko kuma ta zo da nata tsarin. Rajistar Bature tana son suna biyu, na biyun ya zauna daram, mu kuwa ba mu da sunan dangi irin nasu. Sai aka riƙa liƙa wa yaro sunan garinsu. Haka aka sami Bello Kagara, Isa Kaita, Aminu Kano, Shehu Shagari, Abubakar Tafawa Ɓalewa. Sardauna kansa Ahmadu Raɓa ne a Kwalejin Katsina. Ka ji inda al'adar ta samo ƙarfi, har ta kai jikan da bai taɓa kwana a Funtuwa ba yana amsa Funtuwa a Abuja.

Mu ma dai ba mu bar su haka ba. Vischer ya zama Ɗan Hausa, har gidansa na Kano ake kira Gidan Ɗan Hausa. Gwamnan Arewa Sharwood-Smith ya zama Mai Wandon Ƙarfe. Mutanen Aztek sun yi irin wannan: wani mugun kwamandan Sifen mai suna Alvarado, saboda jan gashinsa da hasken fuskarsa, suka sa masa Tonatiyu, wato Rana, in za su rubuta shi sai su zana rana a gefen kansa. Da a Zazzau ya sauka, Jatau zai sha.

Akwai wani gefe na labarin da ya kamata mu da muke zaune a ƙasar mutane mu faɗa da bakinmu. Bature da Hausa ya yi mulkin Arewa, tafintansa da malaminsa da ɗan sandansa Hausa suke ji. Don haka sunayen wasu ƙabilu ta bakinmu suka shiga takarda. Mutanen da ke kiran kansu Gbagyi, Gwari aka rubuta su shekara da shekaru, sarakunansu da yawa aka rubuta su da sarautun Hausa. Kirarin Dodon Gwari da muka ambata, daɗinsa a fada daban, yadda yake sauka a kunnen maƙwabcinmu Bagbagyi daban. Sarkin Gbagyi na Garki da harshensu ake kiran sarautarsa, Sa'peyi, kuma in mutum ya ce mana shi Gbagyi ne, kiransa da hakan bai rage mu da komai ba. Wanda ya san zafin a rubuta masa Bako a maimakon Baƙo bai kamata a sha wahalar yi masa bayani ba.

Wata 'yar Gbagyi ce ma ta bar mana misalin da ya fi kusa da alamar suna irin ta mutanen Meziko. Ladi Kwali, an haife ta wajajen 1925: Ladi don ranar Lahadi, Kwali don garinsu, wato sunan rana irin na Hausa da sunan gari irin na rajista. Sarki Sulaimanu Barau yana tara tukwanenta a fada, a can wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su a 1950. Cardew ya kafa makarantar ginin tukwane a tsohuwar Abuja, Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko. A jikin tulunanta tana zana ƙadangare, kunama, kada, hawainiya, kifi. Amma masu sayen kayan tarihi a Turai, in tukunyar Abuja ta zo hannunsu, juya ta suke yi su duba gindi. A can akwai hatimi biyu da aka danna tun yumɓu yana ɗanye: ɗaya kalmar Abuja ce da ajami, ɗaya haruffa biyu na boko, LK. Laƙabin sarkin 1828 da haruffan malamai, sunan maginiya da haruffan Bature, a gindin tukunya ɗaya. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Hotonta na bayan naira ashirin da aka fitar a 2007, kuma a wannan fitowar ce aka cire ajami daga naira biyar, goma, ashirin da hamsin.

A gaban wannan takardar kuɗi hoton Janar Murtala ne, wanda a watan Fabrairun 1976, kwanaki kaɗan kafin a kashe shi, ya amince da shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, aka kafa sabon babban birni da Dokar Soja mai lamba 6. An yanko ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita kusan 8,000 daga jihohin Neja, Filato da Kwara, babban kaso daga masarautar Abuja. Garin Abu Ja kansa ya faɗa waje da iyaka, a jihar Neja, sunansa kuwa ya faɗa ciki. Sai aka yi wa tsohon garin sabon suna da tsohuwar dabara: aka ɗauko Sule daga Sulaimanu Barau, aka manna masa Ja ɗin da aka saba, ya zama Suleja. Gwamnati ta tare a sabon birnin ranar 12 ga Disamba 1991.

Da wannan sauyi aka sake buɗe rajista. Da farko an yi niyyar kwashe duk mazauna yankin, aka shiga ƙirga mutane da gidaje da itatuwan amfani don biyan diyya. A 1978 gwamnati ta ga kuɗin ya fi ƙarfinta, ta ce sai waɗanda aiki ya taɓa. Mutanen Wuse aka kai su Sabon Wuse a jihar Neja, daga baya aka yi matsugunai a Kubwa da Apo. Kowane tashi da jerin sunayensa, kuma wanda ke riƙe da biro sau da yawa ba ya jin Hausa, ba ya jin Gbagyi, abin da kunnensa ya ba shi yake rubutawa. Malamin harajin En'e, duk da tsoron da ake yi masa, ya san Garba shi ne Abubakar. Kwamfuta ba ta san wannan ba. A wurinta Muhammad da Mohammed da Muhammadu da Mamman mutum huɗu ne, fom kuma gida uku gare shi, na farko da na tsakiya da na ƙarshe, babu gidan Mai Goro.

Shi ya sa ake ganin dattijo da furfurarsa a layin kotu yana neman takardar rantsuwa cewa shi ne shi, ko yana biyan jarida ta buga cewa Garba Audu da Abubakar Abdullahi duk mutum ɗaya ne. A ce maigida ya sayi fili a 1985 da sunan Shehu Direba, katinsa na ɗan ƙasa yana cewa Usman Ibrahim, ya rasu ya bar 'ya'ya tara. Muddin mai unguwar da ya sa hannu da shaidun cinikin suna raye, magana mai sauƙi ce. In sun bi shi, takardar ta zama ta wani Shehu da babu wanda zai iya nunawa.

Abin da mutanen Weshotsinko suka yi a 1560, suna biyu gefe da gefe a layi ɗaya, yana hannunmu mu yi ba tare da jiran kowa ba. Duk gidan da ke da tsofaffin takardu, rasit ɗin haraji ne, takardar cinikin fili ce, wasiƙar ajami ce daga gida, kada a yi rubutu a kansu, kada a manna musu roba mai zafi, zafin yana cin tawada. A samo takarda daban a rubuta sunan yankan mai ita, sunan mahaifinsa, laƙabin da aka san shi da shi a unguwa da wanda aka san shi da shi a garinsu, da duk yadda aka taɓa rubuta sunan a ofis, dattawa biyu da suka san shi su sa hannu, a ɗauki hoton duka da waya. Na ajami kuma a kai wa malaman zaure su karanta a juya shi zuwa boko tun idanunsu na gani, domin hannun malaman En'e na shekarun 1940 da 1950 yana da wuyar karatu, ɗalibin Islamiyya na yanzu da ya saba da bugun Misira ba lalle ya fitar da shi ba.